Yadda Ake Haɗa Akwatin Kyautar Gwal Mai Alfarma da Ba Zai Ƙare a Bola Ba

Duk wanda ya taɓa sayen sarƙa a Yaba ko Balogun ya san irin akwatin da ake miƙo masa: ja ko shuɗi, jikinsa roba, an lulluɓe shi da karammiski ko fatar roba, cikinsa soso. Da ya ga damina biyu a Legas sai fatar ta fara ɓarewa tana manne wa yatsu, soson ya marmashe a kan 'yan kunne. Uwargida ta kwashe gwal ɗinta ta ƙulle a ƙyalle, akwatin ya bi motar shara. Wannan jagora ta masu shagon gwal ce, da masu haɗa lefe, da masu sayar da kayan ado ta waya, waɗanda ke son mazubin da ya dace da darajar abin da ke cikinsa.

A ganinmu, akwatin da ya fi sauƙaƙa wa muhalli shi ne wanda mai shi za ta ajiye shekara goma tana amfani da shi. Bayan haka sai a duba ko ranar da ya mutu za a iya raba sassansa da hannu, kwali ya tafi wurin masu sayen kwali, yadi ya zama tsumma. Hukuma ma ta nufi wannan hanya: gwamnatin Legas ta haramta farin soson zuba abinci a watan Janairun 2024, kuma daga 1 ga Yulin 2025 ta fara tilasta haramcin robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar, har da ledar da kaurinta bai kai maikuron 40 ba.

Abin da iskar Legas ke yi wa kaya

Wanda ya koyi sana'a a Kano ko Katsina sai ya sake lissafi idan ya sauko Legas. A nan laimar iska takan haura kashi 80 cikin ɗari a yawancin damina, ga gishirin teku a unguwannin bakin ruwa. Kwali yana shan wannan laimar ya kumbura, gam ya daɗe bai bushe ba, fumfuna ta hau yadi, siririn ƙarfen da ke cikin hinji ya yi tsatsa.

Kayan adon ma suna shan wahala. Azurfa tana baƙi ne idan ta haɗu da tururin farar wuta, laima kuma tana hanzarta abin. Zinare tsantsa ba ya dusashewa, amma ba tsantsa muke sayarwa ba: karat 18 kashi 75 ne zinare, karat 21 kashi 87.5, karat 22 kashi 91.6, sauran tagulla ne da azurfa, kuma su ne ke sauya launi. Azurfa mai lamba 925 ita ma tana ɗauke da kashi 7.5 na wani ƙarfe, galibi tagulla. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sau da dama daga jikin akwatin tururin ke fitowa. Robar ɗaure kuɗi tana da farar wuta. Ulu ma haka. Gam mai ƙarfin wari irin na masu gyaran takalmi, da takardar jarida, da katakon da aka matse da gam, duk suna fitar da abin da ke taɓa ƙarfe. An sha zargin maƙeri da ha'inci alhali akwati ne ya ɓata kayan.

Fara da awo

Kada ku sayi akwati sannan ku nemi abin da zai shiga. Ku shimfiɗa kayan da kuka fi sayarwa a kan farar takarda yadda kuke so a gan su idan an buɗe, ku zagaye su da fensir, ku ƙara milimita 10 zuwa 15 a kowane gefe. Yawancin shaguna girma uku sun ishe su. Na zobe ko ƙananan 'yan kunne, cikinsa milimita 50 da 50, zurfi 40. Na awarwaro, 90 da 90, zurfi 40. Na cikakken saiti, sarƙa da 'yan kunne da zobe, wajen 160 da 200, zurfi 35. Ƙaton akwati da ɗan zobe a tsakiya asarar kwali ne, kuma kayan za su riƙa yawo a ciki suna gogar juna.

Mun fi son akwati mai murfi daban, wanda ake ɗagawa gaba ɗaya. Ba hinji, ba maganaɗisu. Akwatin maganaɗisu yana da daɗin rufewa, amma an binne ƙarfen ne a cikin kwali inda mai sake sarrafawa ba zai iya cire shi ba, kuma faifan ƙarfen da yake kamawa yana tsatsa ya ɓullo da jan tabo ta jikin takarda.

Kayan aiki

Ƙashin akwatin kwali ne mai toka-toka, wanda masu ɗab'i a Shomolu da Mushin ke kira sitirobod. Da tsohuwar takarda ake yin sa, wannan kuma abin so ne. Kauri milimita 2 ya ishi ƙanana biyun. Babban yana son 2.5 ko 3, don faffaɗan kwali siriri yana lanƙwashewa. Ku shinshina shi kafin ku biya. Idan yana warin ruma, ya sha ruwa a sito, ku bar shi.

Takardar lulluɓi ta zama mai nauyin giram 120 zuwa 150 a kowace murabba'in mita, marar sheƙi, wadda aka rina har cikinta. Ga yadda ake ganewa: ku yaga gefenta. Idan tsakiyar fara ce, a sama kawai aka shafa launin, kuma kusurwoyin akwatin za su yi fari da an ɗan goge su. Idan kun samu mai tambarin FSC, alama ce cewa an bi diddigin dajin da itacen ya fito. Mai ɗab'i zai ce a yi muku laminashin don ya yi ƙyalli. Ku ce a'a. Laminashin leda ce siririya da ake manne wa takarda, tana wahalar da masu sake sarrafawa, kuma a laima takan kumbura ta ɗago daga kusurwa.

Gam shi ne farin gam na kafintoci, irin su Top Bond. A sirka shi da ruwa kaɗan, kamar cokali ɗaya na ruwa cikin cokali tara na gam, don ya shimfiɗu. Ƙullin sitaci ba shi da illa ga muhalli, amma a Legas abincin kyankyaso ne da fumfuna, don haka ba ma ba da shawararsa.

Na ciki kuwa auduga ce. Farin yadin auduga zalla, wanda aka wanke sau biyu aka fitar da sitacin kamfani, ya fi duk wani karammiskin roba aminci. Guntayen shadda ta auduga da ke taruwa a shagon tela a Agege ko Idi-Araba suna yin matashi mai kyau ƙwarai, ga sheƙi na asali, kuma dama shara za su tafi. Saƙi, da adire na Abeokuta, da rinin baba irin na Ƙofar Mata, wurinsu bayan akwati ne ko jakar waje. Kafin ku yi amfani da kowane rinannen yadi, ku jiƙa farin ƙyalle ku goga shi da ƙarfi sau goma. Idan launi ya hau, a sake wankewa, idan ya ƙi dainawa kada ya kusanci lu'ulu'u (farin ƙwallon nan da ake cirowa daga teku, ba daimon ba) ko murjani, domin suna shan launi kuma ba ya fita.

Gwajin kwalba

Wannan mataki shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba ƙwararre da mai kwaikwayo. Gidajen adana kayan tarihi suna da gwajin da Andrew Oddy na gidan tarihin Birtaniya ya ƙirƙiro a 1973: a rufe abin da ake zargi tare da guntayen azurfa da tagulla da dalma a cikin kwalba mai ɗan ruwa, a zafin digiri 60 na ma'aunin Celsius, har kwana 28. Ba sai kuna da ɗakin gwaji ba kafin ku yi mai kama da shi.

Ku samo kwalaben gilashi masu murfi, ku wanke su tas. A kowace ku saka guntun abu ɗaya: kwali a wannan, takarda a waccan, yadi, da busasshen gam. Ku ƙara ɗan guntun azurfa da aka goge har ya yi haske, da murfin kwalbar lemo na roba ɗauke da ruwa kaɗan, yadda ruwan ba zai taɓa komai ba. Kwalba ɗaya a bar ta da azurfa da ruwa kawai, ita ce ma'auni. A rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi mako huɗu. Duk kwalbar da azurfarta ta fi ta ma'auni rawaya ko baƙi, abin da ke cikinta bai cancanci shiga akwati ba. Idan kun sauya dilan kwali ko gam, ku maimaita. Wata guda na jira ya fi a dawo muku da saitin azurfa ya yi baƙi ana saura kwana uku a kai lefe.

Yanka da haɗawa

Mu ɗauki akwatin zobe, da kwali mai kauri milimita 2. Duk awon da ke wannan sashe da milimita ne. Kuna buƙatar rula ta ƙarfe, wuƙar yankan kwali mai sabuwar reza, burushi mai faɗi, tef na takarda, da wani abu mai santsi na murza kusurwa, ko bayan cokali ya yi.

Da farko ku gano inda jijiyar kwalin ta nufa. Ku ɗan lanƙwasa shi ta tsawo, sannan ta faɗi. Ɓangaren da ya fi saurin lanƙwasuwa, jijiyar tana bin layin lanƙwasar. Takarda ma haka take. A faffaɗan fuskar akwati, jijiyar kwali da ta takarda su nufi wuri ɗaya, in ba haka ba idan gam ya bushe kowa zai ja nasa gefen, murfi ya karkace.

Na ƙasa: gindi 54 da 54, bango biyu masu 54 da 40, biyu masu 50 da 40. Bangon a kan gindi yake tsayawa, gajerun biyu a tsakanin dogayen. A shafa gam siriri a bakin kowane, a tsayar, a kama kusurwoyi da tef na takarda ta waje. Kada ku yanke kwali da bugu ɗaya. Ku bi layin sau huɗu ko biyar a hankali, bakin zai fito a miƙe.

Murfi shi ne inda ake faɗuwa. Wajen na ƙasa 54 ne, sai takarda ta ƙara masa kauri, ita ma ta cikin murfin ta ci nata wurin. Saboda haka cikin murfi ya zama 56: sama 60 da 60, bango biyu 60 da 25, biyu 56 da 25. Idan da yadi za ku lulluɓe maimakon takarda, ku kai shi 57. Wanda ya yanka murfi daidai-wa-daida a lokacin hunturu, zai ga ya ƙi buɗuwa a watan Yuni. Murfin da ya yi daidai shi ne wanda idan kun ɗaga shi, na ƙasan zai zame a hankali da nauyin kansa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wannan zamewar, da nauyin kwalin a tafin hannu, su ne abin da mai karɓar kyauta ke ji ta san an kashe wa abin hankali.

Takardar lulluɓe na ƙasa ta zama 170 da 170. A shafa gam a jikin takarda, daga tsakiya zuwa baki, a bar ta kamar rabin minti ta sha ta miƙe, sannan a ɗora akwatin a tsakiya. Idan aka manna nan take, takardar za ta ci gaba da buɗewa a kan kwali ta yi ƙoƙo-ƙoƙo. A yanke kusurwoyi huɗu, a bar ɗan harshe na milimita 10 da zai zagaya kowace kusurwa. A ɗago gefe biyu masu fuskantar juna, a murza, sannan sauran biyun, a lanƙwasa ragowar milimita 15 zuwa ciki. Sai a liƙa wata takardar a cikin gindi da cikin murfi. Ta cikin ba ado ba ce kawai, ita ke ja daga ɗaya ɓangaren don kwalin ya tsaya a miƙe.

A jera su a ɗora katako da ɗan nauyi a kai, awa 24 da rani, awa 48 da damina, a ƙarƙashin fanka. Kada a shanya a rana. Bayan sun bushe a bar su a buɗe kwana uku kafin gwal ya shiga, don ragowar tururin gam ya fice.

Matashin ciki

Ba ma liƙa matashi a jikin akwati. A bar shi yana ciruwa, don a iya wanke shi ko sauya shi.

Na zobe: a naɗe yadin auduga mai kauri ya zama gammo biyu, kowane tsawo 50, faɗi 25, tsayi 20, a lulluɓe da shadda, a ɗinke ta ƙasa da zare. A cusa su gefe da gefe, zoben ya shiga tsakaninsu. Na sarƙa: a yanka kwali ƙasa da cikin akwatin da milimita 2, a shimfiɗa masa auduga siririya, a lulluɓe da yadi. A tsaga wuri biyu a sama inda sarƙar za ta ratsa, a ɗinka ɗan aljihu a baya da zai riƙe ragowarta don kada ta sarƙe. 'Yan kunne a huda musu ƙofa biyu, tazarar milimita 25 zuwa 30. A ɗinka ɗan zare mai kauri a gefe na ɗago matashin.

Ku tuna yadda ake ganin lefe. Akwatin zai bi hannun gwaggo da inna da maƙwabta, a karkata shi, a ɗaga shi sama don na baya su gani. Saboda haka kowane abu ya zama a ɗaure. Ku kifa akwatin a buɗe a kan katifa, idan wani abu ya faɗo a sake gyara. Kuma kada abu biyu su taɓa juna: daimon yana da taurin 10 a ma'aunin Mohs da ake auna taurin duwatsu da shi, zinare bai wuce 3 ba, lu'ulu'u da murjani ma masu laushi ne, gogayya kaɗan ta isa ta bar zane.

A ƙarƙashin matashin ku bar sarari na milimita 3 don rasit. Gwal a wurin matanmu ajiya ce, ranar da buƙata ta taso za a nemi takardar da ke nuna nauyi da karat. Akwatin da ke riƙe da rasit ba a yar da shi.

A nan ne kuma ake saka ɗan ƙunshin silika mai giram 1 ko 2 don shan laima, idan kayan azurfa ne ko gwal. Ban da lu'ulu'u, shi bushewa da yawa tana sa shi tsagewa. Sai maganar turare. Mun san al'ada ce a turara kayan lefe, kuma ƙamshi yana ƙara wa kyauta armashi, amma hayaƙin turaren wuta da man humra suna dusashe lu'ulu'u da murjani, suna kuma barin maiƙo a kan ƙarfe. A turara jakar waje, a bar ta ta sha iska, cikin akwati kuwa a bar shi ba ƙamshi.

Tambari da ɗauri

Tambarin da ya fi kyau a kan takarda marar sheƙi shi ne wanda aka danna da farantin ƙarfe ba tare da tawada ba, ya lotsa ciki. Sau ɗaya za ku biya kuɗin farantin a Shomolu, ya yi muku shekaru. A danna a takarda kafin a lulluɓe. Idan kuna son ruwan gwal, ku tsaya a kan sunan shago kawai, faɗinsa kada ya wuce sulusin murfi. Layin da ya yi siriri ƙwarai ba ya fitowa, ku nemi a buga muku gwaji a kan ainihin takardarku kafin a yi duka. Karon farko kada ku wuce guda 50. Ku ga yadda suka yi a damina ɗaya tukuna.

Ribon na roba a maye shi da igiyar auduga ko siririn saƙi mai faɗin milimita 10 zuwa 15. Tsawon santimita 70 ya ishi akwatin zobe a zagaya shi ta kowane gefe a ƙulla.

Masu son fata su nemi wadda aka jeme da bagaruwa, irin aikin majeman Kano da Sakkwato, su ba baduku ya ɗinka ƙaramar jaka. Tana daɗewa, tana ƙara kyau da tsufa, ba ta ɓarewa kamar fatar roba. Sai dai fata kowace iri tana iya taɓa ƙarfe, musamman azurfa da tagulla, don haka dole a yi mata shafi na auduga a ciki, ita ma a saka ta a gwajin kwalba. Ƙaramin adudu na kaba da aka yi wa shafin yadi shi ma yana ɗaukar awarwaro da murjani da kyau, in dai kabar ta bushe sarai.

Kai wa mai shi

Kwalin waje ya zama fili, ba suna, ba hoton zobe, ba abin da zai nuna wa kowa cewa gwal ne a bayan babur. A bar tazarar milimita 20 tsakaninsa da akwatin kyauta ta kowane gefe, a cike da yankakkiyar farar takarda, ragowar da kuka tara wurin yanka. Ban da jarida, tawadarta tana goguwa. A rufe da tef na takarda, a sa hannu a kan mahaɗar don a gane idan an buɗe.

Gwada shi kafin ya fita: ku saka abu mai nauyin kayan, ku saki kwalin daga tsayin ƙugu a kan siminti, ta gindi, ta gefe, ta kusurwa. Idan kusurwar akwatin ciki ta lotsa, cikon bai isa ba.

Ruwan sama shi ne ke sa kowa komawa leda. Mafita ita ce jakar yadin auduga mai kauri da aka shafa wa narkakken kakin zuma aka bi da dutsen guga ta saman takarda har ya shige. Ku ɗinka biyar ko shida, mai kai saƙo ya miƙa kwalin ya dawo muku da jakar. Idan ta fara shan ruwa a sake shafa kakin.

Sauran akwatunan da ba a yi amfani da su ba kada a jibge su a ƙasa ko a jingina da bango. A ɗora su a kan kanta mai tsayin aƙalla santimita 15 daga daɓe, murfi a rufe don kada su karkace, a cikin babban kwali da ƙunshin silika a kusurwa. Duk mako biyu a damina a buɗe ɗaya daga na ƙasa a shinshina.